KUƊIN LASIN MOTA DA GYARAN HANYAR ƘAUYE

Darasin wannan wata domin ƙungiyoyin manoma ne, da zumuntar mata, da matasa. In da hali a karanta shi tare, mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi, saura suna tsai da shi inda ba su gane ba.

'Yan'uwa, idan mota ta tsaya a kasuwarku, ku dubi lambarta. Haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka rubuta motar da sunanta. JJN ta Jos ta Arewa ce, PKN ta Pankshin, KAF ta Kafanchan, ZKW ta Zonkwa, KMC kuwa ta birnin Kano. Mutane da yawa in sun ga haka sai su zaci kuɗin lamba da na lasin yana shiga baitulmalin ƙaramar hukumar nan. Ba haka ba ne. Sunan ne kaɗai nata. Kuɗin, gwamnatin jiha take karɓa ta hannun hukumar tara kuɗin shiga, in ban da abin da ake biyan Hukumar Kiyaye Haɗurra saboda buga lambar. Daga nan sai ya shiga babban asusun jiha, ya gauraya da sauran haraji. Ba mai iya bin sawunsa ya ce ga nairar da direban ƙauyenmu ya biya, ga inda ta tafi.

To, tambayar darasinmu ke nan. Ya kamata a ware wani kashi na kuɗin lasin mota, a ce wannan na gyaran hanyoyin karkara ne kaɗai? In an ware, wane irin gyara zai iya yi?

Hanyar wa ce?

Tun zamanin Turawa aka kasa hanyoyin ƙasarmu kashi uku. Akwai na Gwamnatin Tarayya, wato manyan da suke haɗa jiha da jiha, kamar ta Kaduna zuwa Kano. Akwai na jiha. Sa'an nan akwai na ƙaramar hukuma, su ne waɗanda suke fita daga bakin kwalta su shiga ƙauyuka da gonaki. An ƙiyasta hanyoyin Nijeriya duka sun kai wajen kilomita 195,000. Na Tarayya wajen 35,000 ne, na jihohi ba su kai haka ba. Saura duka, wato kusan kashi biyu cikin uku, suna wuyan ƙananan hukumomi 774. Yawancinsu kuwa hanyar ƙasa ce ko ta burji.

Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai yin hanyoyi da magudanan ruwa da kiyaye su. A ciki kuma an faɗi irin lasin da za ta karɓa: na keke, da amalanke, da baro, da kwalekwale, da kurar da ake turawa da hannu. Duk abin da yake tafiya da inji ba nata ba ne. Dokar da aka yi a 1998 kan rabon haraji ita ma haka ta tsara, ta ba jiha harajin hanya, ta bar wa ƙaramar hukuma kuɗin tasha da na kasuwa da irinsu.

Ku lura da wannan da kyau. Wanda aka ɗora wa hanya mafi tsawo, shi aka ba lasin baro. Wanda yake karɓar lasin tifa da roka, ba shi ne mai hanyar da suke kwaɓewa ba. Gaskiya ne ƙaramar hukuma tana samun kasonta daga asusun Tarayya kowane wata, kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan kason nan kai tsaye. Amma albashin malaman firamare da na ma'aikata su suke fara ɗaukar nasu. Hanya ba ta da baki, ba ta yajin aiki, saboda haka ita ce ta ƙarshe a layi.

Abin da yake kashe hanya

Kafin mu yi maganar kuɗi, bari mu san ciwon. In ka tambayi mutane me ya ɓata hanyarsu, za su ce manyan motoci. Suna da gaskiya, amma rabin gaskiyar ke nan. Babban magabcin hanyar ƙasa ruwa ne.

Hanya mai lafiya tana da doro. Tsakiyarta ya fi gefenta tudu, misalin santimita 5 a kowace mita ɗaya ta faɗi, domin ruwan sama ya gangara dama da hagu ya faɗa lambatu. Lambatun ya ɗauke shi, a kowane ɗan tazara kuma a yanka masa wata 'yar hanya ya fita zuwa jeji. Inda ruwa zai ƙetare hanya sai a sa kwalbati. Shi ke nan asirin. Doro, lambatu, mafita, kwalbati.

Yanzu ku bi yadda ɓarna take farawa. Da rani iska ta tara yashi da kara da leda a bakin kwalbati. Wani manomi ya ga mafitar ruwa tana zuba a gonarsa, ya toshe ta da kunya. Ruwan farko ya sauka, bai sami wurin bi ba, sai ya hau kan hanya, ya bi sawun taya. A damina ɗaya sawun nan ya zama kwari. Inda ruwa ya kwanta ƙasa ta yi laushi, mota mai kaya ta bi ta nutse, direba ya haƙa ya fita, ya bar rami. Na bayansa ya kauce ya shiga gonar mutum. Kafin damina ta uku, kwalbatin da ya toshe ruwa ya ci gindinsa ya tafi da shi, hanya ta yanke biyu. Abin da mutum biyu da shebur za su iya yi a wuni ɗaya cikin watan Afrilu, yanzu sai katafila da ɗan kwangila.

Nauyi ma yana da nasa. A Amurka, daga 1958 zuwa 1960, an yi babban gwaji a jihar Ilinoi, aka yi ta bi da motoci masu nauyi iri iri a kan kwalta ana auna lalacewa. Abin da aka gano shi ne, idan nauyin da yake kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar ba biyu take ninkawa ba, wajen sha shida take ninkawa. A kan kwalta aka yi gwajin, amma kowa ya ga abin da tifar yashi ɗaya take yi wa jiƙaƙƙiyar hanyar ƙasa. Babura ɗari ba za su yi shi ba. Shi ya sa a Kamaru suke da shingen ruwan sama a hanyoyin ƙasa, inda akan tsai da manyan motoci har hanya ta tsane.

Wa yake biyan wannan ɓarna? Direba yana biya a sifirin da taya da mai. Amma direba ba ya haɗiye hasara, yakan ɗora ta a kuɗin buhu. Idan hanya ta yi muni ƙwarai, mota ɗaya ko biyu ne suke yarda su shigo, mai saye kuwa in shi kaɗai ne a kasuwa, shi yake yanka farashi. Masara tana iya jira. Tumatir da dankali da kabeji ba sa jira. Mace mai naƙuda ma ba ta jira. Wato muna biyan harajin hanya ko mun so ko mun ƙi, sai dai ba mai ba mu rasit.

Gini dabam, kiyayewa dabam

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar abinci da hanyoyi da raya karkara, wadda aka sani da DFRRI. Ta fasa hanyoyi da yawa, ƙauyuka da dama a lokacin suka fara ganin mota a ƙofar gida. Amma ba a tanadi kuɗin kiyaye su ba. Aka ce ƙananan hukumomi da jama'a su ɗauka, su kuwa ba su da gireda, ba su da kuɗin lebura. Yau wasu hanyoyin nan sai dattijo ya nuna maka inda suka bi.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1988 Bankin Duniya ya duba ƙasashe 85 masu tasowa, ya ce hanyoyin da suka lalace cikin shekara ashirin sun kai na dala biliyan 45, alhali da an kashe abin da bai kai biliyan 12 ba wajen kiyayewa, da ba a yi hasarar ba. Wato naira ɗaya da aka hana gyara, daga baya ta ci kusan huɗu.

Me ya sa ake hanawa? Gama sabuwar hanya tana da ranar buɗewa, da kaɗe-kaɗe, da allo mai suna. Yashe lambatu ba shi da biki. Duk shekarar da kuɗi ya yi ƙaranci, shi ake fara sokewa daga kasafi, da yake hanyar ba za ta mutu a shekarar ba. Wanda ya soke ya gama wa'adinsa ya tafi kafin kwalbati ya rushe.

A nan ne kuɗin lasin yake da amfani. Ba don yana da yawa ba. Amfaninsa shi ne, kowace shekara ake sabunta lasin, kowace shekara kuma damina take zuwa. Kuɗi kaɗan mai zuwa a kan lokaci ya dace da aiki kaɗan da dole a yi shi a kan lokaci. Mai biya kuma yakan fi sakin hannu in ya san inda kuɗinsa ya nufa.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Kuɗin lasin na jiha guda ba zai sa wa hanyoyin ƙauyuka kwalta ba, ba zai gina gada ba. Duk ɗan siyasar da ya ce muku zai yi, bai yi lissafi ba. Abin da zai iya shi ne biyan leburori, da sayen diga da shebur da baro da kwanon sarki, da ɗinke bakin kwalbati, da kawo gireda sau ɗaya bayan damina.

Dattawa suna tunawa da leburorin hanya na zamanin En'e, da hedimansu. A Kenya, bayan sun soma shirin hanyoyin karkara a 1974, sun bi wata dabara mai kama da wannan. Sai a ɗauki mutum ɗaya da yake zaune a bakin hanya, a ba shi kilomita ɗaya da rabi ko biyu, a ba shi kayan aiki, ya yi 'yan kwanaki a mako yana yashe lambatu, yana cike ramuka, yana sare ciyawa, sauran kwanakin ya je gonarsa. Mai duba aiki ya zo ya gani kafin a biya. Ni a ganina wannan ita ce dabarar da ta fi dacewa da mu. Hanyar kilomita 12 mutum shida ko takwas take bukata, kuɗin kuma a ƙauye yake tsayawa. In wani yanki ya lalace, kowa ya san na wane ne.

Waɗanda suka gwada

Ware kuɗin mota domin hanya ba sabon abu ba ne. A Ingila an kafa asusun hanya a 1920, kuɗin lasin mota yana shiga ciki. Ba a daɗe ba gwamnati ta ga kuɗi ya taru, sai Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya ɗiba a 1926, ya sāke ɗiba a 1927 domin wasu bukatu. Daga 1937 kuɗin ya koma babban baitulmali gaba ɗaya. Rumbu in ba shi da mai tsaro, sunan rumbu kawai gare shi.

Gana ta kafa nata asusun a 1985, ta ƙarfafa shi da doka a 1997. Dokar ta haɗa kuɗin lasin da na duba lafiyar mota, da kuɗin ƙetare gada, da wani abu da ake ɗorawa a kan kowace lita ta mai, aka kuma sa wakilan direbobi da 'yan kasuwa cikin masu lura da shi. Hukumar hanyoyin karkara ta ƙasar tana cikin masu samun rabo. Abin lura shi ne, kuɗin mai ne ya riƙe asusun, na lasin ɗan ƙari ne. Dalili a fili yake. Lasin sau ɗaya ake biya a shekara, ko motar ta yi tafiya ko tana kwance a gareji, mai kuwa gwargwadon tafiyarka kake saye.

Mu ma muna da irin wannan doka a takarda. An kafa hukumar gyaran hanyoyin Tarayya, wato FERMA, a 2002. A 2007 aka gyara dokarta, aka ce a ɗauki biyar cikin ɗari na farashin fetur da gas, a ba hukumar kashi 40, a ba hukumomin gyaran hanya na jihohi kashi 60. Shekaru suka yi ta wucewa ba a aikata yadda aka rubuta ba. Saboda haka in an ce muku an sa hannu a kan doka, ku yi murna kaɗan, ku ajiye sauran sai kun ga lebura a bakin kwalbati.

Masu ƙi ma suna da hujja

Ma'aikatan baitulmali ba sa son a ware kuɗi. Sukan ce, in an ɗaure wannan domin hanya, gobe masu asibiti za su zo, jibi masu makaranta, har gwamnati ta rasa abin juyawa ranar annoba ko ambaliya. Maganar tana da nauyi. Amsar da zan ba su ita ce, ba duka ake nema ba, kashi ne, kuma kuɗin nan masu bin hanya ne suka biya saboda bin hanya.

Hujja ta biyu ta fi wuya. Tirelar da ta zo kwasar masara a ƙauyenku, watakila lambar Legas ko Abuja gare ta, can ta biya. Baburan ƙauye kuwa da yawa ba su da lamba sam. Wannan gaskiya ce, ita ce kuma ta sa kuɗin lasin shi kaɗai ba ya isa.

Sai ku yi hankali da abu ɗaya. Da zarar an ce kuɗin hanya, wasu za su ɗaura igiya a bakin kasuwa, su buga tikiti, su ce na gyara ne. A yawon aikina na bi hanyar da ake karɓar irin wannan kuɗi wuri uku, ramukan kuwa suna nan yadda na san su. Kowane tikiti a kan buhun manomi yake sauka. Abin da muke magana a kai ba sabon haraji ba ne, rabo ne daga wanda ake biya tun dā.

Akwai kuma batun yadda za a raba. In an ce kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki na motocin da suke ɗauke da haruffanta, birni zai kwashe kusan duka, gama a can motoci suke. Karkara mai doguwar hanya da 'yan motoci kaɗan za ta tashi da abin da bai sayi baro goma ba. Rabo mai adalci sai ya dubi tsawon hanyar da kowace ƙaramar hukuma take da shi, da yawan mutane da amfanin gonar da suke bi ta kanta. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an auna hanyoyin an rubuta.

Ƙofar da take buɗe

Tun da jiha take karɓar kuɗin lasin, Majalisar Dokokin Jiha ce take da ikon ware shi. Ba sai an je Abuja ba. A 2020 Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka amince da shirin hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda ake kira RAAMP. An fara da jihohi 13, cikinsu akwai Filato, da Bauchi, da Kano, da Katsina, da Kebbi, da Sakkwato. Cikin abin da shirin ya nema a wurin jihohi akwai kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun hanya na jiha ta hanyar doka, domin kada abin da ya sami hanyoyin 1986 ya sāke faruwa. Saboda haka a wasu jihohi rumbun ya riga ya tsaya. Abin tambaya shi ne me ake zubawa a ciki, wa yake riƙe da mabuɗi.

In ɗan majalisarku ya zo gida, ko kansila ya zo taro, kada ku tsaya a kan “a yi mana hanya.” Wannan ya ji shi sau dubu, amsarsa kuma a shirye take. Ku tambaye shi ko jiharmu tana da asusun hanya, kashi nawa na kuɗin lasin yake shiga ciki, ko dokar ta hana a taɓa shi domin sabon gini da sayen motocin ofis. Ku tambaya ko akwai manomi da direba da mace cikin masu lura da shi. Ku roƙa a riƙa manna lissafin a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo da Hausa, hanya kaza, kilomita kaza, naira kaza. Ku tafi tare da shugabannin direbobi da 'yan acaɓa, gama su ne masu rasit a hannu, da maƙwabtanmu Musulmi, da mai unguwa. Hanya ɗaya muke bi duka.

Aikin wannan wata

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum uku su bi hanyarsu daga ƙauye zuwa bakin kwalta. Su auna tsawonta da agogon babur, in babu su ƙidaya taku. Su rubuta yawan kwalbatoci, da waɗanda suka toshe, da waɗanda suka fashe, da wuraren da ruwa yake kwanciya, da watannin da mota ba ta shigowa. Su tambayi direbobi kuɗin buhu da rani da kuɗinsa a watan Agusta. A yi takardar kofi uku, ɗaya wa kansila, ɗaya wa ɗan majalisa, ɗaya a ajiye wurin sakataren ƙungiya.

Kwalbatocin da suka toshe kuwa, kada a jira amsar takarda. A sa ranar gayya kafin ruwan farko, a fara da wanda yake a mafi gangaren wuri. Ƙasar da aka yaso a zubar da ita can gefen ƙasa na hanya, nesa da lambatu, in ba haka ba ruwa ɗaya zai mai da ita inda aka ɗebo ta. Mai gonar da mafitar ruwa take zuba a ciki, a zauna da shi tukuna a gaban mai unguwa, a nuna masa yadda zai karkatar da ruwan da kunya ya bi iyakar gona.